Yadda Hanjina Ya Ɓata wa Mama Suna

Jama'a, kafin kowa ya fara zagin Mama a ƙasan wannan rubutu, ku tsaya ku ji daga bakina. Mamata ba azzaluma ba ce. Ni ce auta a gidanmu, kuma idan aka tara cokulan da na wanke tun da aka haife ni ba za su cika kofi ba. Amma yau da la'asar wani bawan Allah ya zauna a falonmu, ya haɗa hannuwansa cikin ladabi, ya roƙe ta ta rage bautar da ni. Rabin laifin na hanjina ne, ɗaya rabin kuma na Yaya.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: shekara shida ke nan ina ɗauke da ciwon kumburin hanji. Likita ya zana min hanji a bayan takarda, ya ce wannan ciwon ba a rabuwa da shi, sai dai a lallaɓa shi. Ba a ɗaukarsa a jikin wani, ba wani abu na ci ba, ba kuma jifa aka yi min ba, duk da Gwaggo har gobe ba ta yarda ba. Yakan kwanta wata huɗu har in fara cika baki. Ranar da ya ga dama kuma ya tashi, in shiga bayi sau goma sha biyu a wuni, ga murɗa, ga jini, ga gajiyar da ko kofi zan ɗaga sai na yi shawara da kaina. Kuma ba ya sallama. Idan ya ce yanzu, to yanzun yake nufi. Minti biyu gare ni, ranar da yake jin kirki uku.

Don haka jakata ba irin ta 'yan matan da kuka sani ba ce. Su hoda da jan baki, ni tishu, da ɗan sabulu, da turare, da siket na canji a naɗe cikin leda, da wani abin da ba sai na faɗa ba. Kayana duk masu duhu ne, mutane na cewa ina da aji, ba su san tsoro ba ne. Allurata ta kowane sati biyu tana cikin firij kusa da tumatir, da hannuna nake soka wa kaina a cinya, Mama na tsaye a baya ta rufe ido kamar ita ake yi wa. Tsakanin gidanmu da shagon tabarau inda nake aiki kuwa, babu bayin da ban sani ba. Na gidan mai na farko ba ruwa. Na biyu akwai ruwa ba sakata, sai ka tokare ƙofa da ƙafa. Matar da ke sayar da kayan jarirai a kan kwana ta daina ma amsa gaisuwata, da ta hango yadda nake tafiya sai ta miƙo makulli.

A shagon tabarau ɗin na haɗu da Injiniya. Hannun gilashinsa ne ya karye ya kawo gyara, yana tsaye yana jira sai ya ce min kantarmu ta karkace ta hagu. Shekara uku ina kallon kantar nan ban taɓa gani ba. Dogo ne, ba ya son hayaniya, idan zai yi dariya sai ya fara sunkuyar da kai. Gilashi ɗaya ya kawo, amma sau huɗu ya dawo a gyara masa zamansa a hanci. A na huɗun mai shagon ya ce, "Malam, gilashin nan lafiyarsa ƙalau, ka karɓi lambarta ka bar mu mu yi aiki."

Ina son shi. Bari in faɗa kai tsaye tunda ba ya karanta wannan shafin. Ina son shi har ina jin haushin kaina.

Matsalar ita ce an taɓa yin wani kafin shi. Shekara biyu da suka wuce na zaunar da wancan na gaya masa komai, don ina ganin haka ya dace. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ce ai ba komai. Kwana uku bayan nan yayarsa ta bugo wa Mama ta ce sun zauna a gida sun duba, ɗansu ba zai iya jinya ba. Ni kwana biyu na yi kuka, Mama sati biyu. Shi ya sa ranar da Injiniya ya fara zuwa gidanmu ta ja ni ɗakinta ta rufe ƙofa.

"Wannan karon ba mai buɗe baki sai bayan aure."

"Mama, ai yaudara ce."

"Na ce ki yi ƙarya? Shiru na ce ki yi."

"To idan cikina ya murɗa yana zaune fa? In ce masa me, zan je in duba ko an sace bayin?"

Nan Yaya ta shigo maganar. Yayata tana gida tun da mijinta ya tafi karatu, kuma zaman banza ya sa kanta ya cika da dabaru. Ta ce abu mai sauƙi ne. Ina falo da baƙona, waya na hannuna. Da na ji alama sai in tura mata ɗigo ɗaya a saƙo, ita kuma ta ɗaga murya daga ciki ta ce Mama na kirana. In tashi cikin natsuwa kamar 'yar kirki, in wuce bayin ɗakin Mama da ke can ƙarshen gida, inda ba a jin komai.

Satin farko abin ya tafi daidai. Ɗigo. "Auta! Mama na kira!" In ce masa ina zuwa, ya ce ba damuwa. Har daɗi yake ji wai ya samu mai biyayya.

Sai ciwon ya tashi sosai a sati na uku, ɗigo ya yawaita, Yaya kuma ta ce kira ba dalili zai sa ya yi zargi, dole a riƙa haɗawa da aiki. Daga nan ta samu abin wasa.

"Auta! Mama ta ce ki sauke tukunya!"

"Auta! Shanyar nan ita za ta kwashe kanta?"

"Auta! Wai wa kika bar wa wankin firij?"

Ranar Lahadin da ta wuce har cewa ta yi in zo in ɗaga katifar Mama in share ƙarƙashin gado. Da na fito daga bayi na same ta kwance tana cin gyaɗa tana dariya har da hawaye. Na ce Yaya ki ji tsoron Allah, katifa fa. Ta ce aikin gidan ne ya ƙare mata, gobe sai dai in hau rufi.

Ni kuma in koma falo fuska ta yi fari, goshi da gumi, hannuwa a jiƙe suna ƙamshin sabulu. Ya kawo min soyayyen nama mai barkono, in ce zan kai ciki. Ya kawo madara mai sanyi, in ce zan kai ciki. Da na ci ɗaya daga cikinsu da a asibiti zai ƙarasa hirar. Yaya ce ke cinyewa, har ta fara aiko ni in gaya masa ya riƙa sa a ƙara albasa.

Yau da safe ina shago saƙonsa ya shigo.

"Barka da safiya. Yau idan na zo ina so in ga Mama. Akwai maganar da ta kamata in yi da ita da kaina."

Na karanta sau biyar. Na tura wa Yaya. Kafin minti ɗaya ta bugo, ina jin Mama a bayanta tana ta hamdala. Kowa ya gama yanke hukunci: zai nemi izinin turo manyansa.

Da na dawo gida na tarar an canza labulen falo, an sa mai launin ruwan zuma ɗin nan da ba a fito da shi sai babban baƙo. An goge teburin gilashi har yana ɗaukar ido, an jera kofunan da ke zaman ado a kabad tun ina firamare. Mama ta sa doguwar rigarta mai ruwan ƙasa da ɗinki a wuya, ta fesa turaren da take ɓoyewa a bayan littattafan Baba. Ni na sa baƙar rigata mai zare ruwan gwal a hannu, na yafa mayafi ruwan toka, Yaya ta cika min ƙarƙashin ido da hoda don a rufe baƙin da gajiya ta zana. Tun safe farar shinkafa cokali huɗu da rabin ayaba kawai na ci, don a zauna lafiya. Na shafa cikina na ce, don Allah yau kaɗai, awa ɗaya nake roƙo.

Ƙarfe huɗu da rabi ya yi sallama. Farar riga, an goge ta har tana iya tsayuwa da kanta. Ya ƙi zama a kujera, ya zauna a kan kafet gaban Mama. Ni ina gefe ina wasa da bakin mayafi, ina kunyar da na yi ta gwadawa a madubi tun da na dawo. Yaya tana bayan labulen ƙofar ciki, yatsun ƙafarta sun leƙo.

Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida, aka sake gaisawa. Sai ya gyara gilashi ya haɗa hannuwa.

"Mama, ni ɗanki ne. Idan na yi kuskure a abin da zan faɗa ki yafe min."

"Faɗi, ɗana, faɗi." Mama har ta fara murmushin surukai.

"Zuwana goma sha ɗaya ke nan gidan nan. Ban taɓa ganin an bar Auta ta zauna minti ashirin a jere ba."

Murmushin ya tsaya a inda yake.

"Ranar Lahadi sau bakwai aka kira ta. Ta sauke tukunya sau biyu. Ta kwashe shanya, ta wanke firij, ta goge kicin, ta cika randa, ta ɗaga katifa. Mama, katifa. Ni da nake namiji sai an kama min." Ya gyara zama. "Tana dawowa tana haki, hannunta bai taɓa bushewa ba. Abin da na kawo mata ban taɓa ganin ta kai baki ba, ciki ake kaiwa. Agogon hannunta da na san maɗaurinsa a rami na uku, yanzu yana na ƙarshe kuma yana yawo."

Daga bayan labule aka ji wani sauti kamar an shaƙe kaza. Yatsun ƙafar Yaya suka ɓace.

"Ban zo in raba uwa da 'yarta ba," ya ci gaba. "Na san tarbiyya ce. Amma tana ramewa a gabana, ni kuma ba na iya barci. Idan aikin ne ya yi yawa, ni zan nemo mai taimakawa. Idan kuma ni ne ba a so, shi ya sa ake janye ta, gara a gaya min."

Jama'a, na so in yi dariya, na so in nutse cikin kujera, na so in rungume shi, duk a lokaci guda. Mutum ya zauna wata biyu yana ƙirga wahalata, ya haɗa lissafinsa tsaf, ya fito da amsar da ba ita ba. Kuma saboda ni ya sa farar riga ya zo ya tunkari matar da yake fatan ta zama surukarsa.

Na juya ina kallon Mama. Ku fahimci wace ce Mama. Matar da ke dafa min abincina daban a ƙaramar tukunya shekara shida, ba barkono ba mai. Matar da ta haddace sunan kowace nas a ɗakin da ake kwantar da ni. Idan maƙwabciya ta ce 'yarki ta rame, sai ta wuni ba ta ci abinci ba. A duniya ba abin da take alfahari da shi kamar a ce ta iya riƙon 'ya'ya. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, na ce shi ke nan, yau Injiniya zai fita ta taga.

Sai ta sauke ido. Ta gyara zaman mayafinta a hankali.

"Gaskiyarka ne, ɗana," ta ce. "Ina matsa mata da yawa. Halina ne, haka aka rene ni. Na ji, kuma zan rage."

Wallahi dariyar da ke maƙale a wuyana nan take ta mutu. Mama ta yarda a kira ta azzaluma a falonta, a gaban kofunanta na ado, ta yarda mutumin nan ya tafi da wannan hoton nata har abada, ya gaya wa danginsa, don dai kada ya san 'yarta na da ciwo. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, kuma ba kunyar bayi ba ce.

Hanjina kuwa, da yake ba ya wuce taro, ya zaɓi daidai wannan lokacin. Murɗa ta taso daga ƙasan cibiya ta dama, irin wadda na sani, mai minti biyu. Babban yatsana ya tafi kan waya da kansa. Ɗigon na nan a rubuce, saura in danna. Yaya na ciki, na san ko a wannan halin za ta samo min aiki.

Na kife wayar a kan tebur na miƙe.

"Ba wanda ya kira ni," na ce. "Bayi zan shiga."

"Auta!" in ji Mama.

"Mama, minti ɗaya da rabi gare ni, ki bar ni in yi amfani da shi." Na juya gare shi, ina magana da sauri kamar mai karanta sanarwa. "Injiniya, ban taɓa ɗaga katifa ba. Ban san inda ake ajiye tsintsiya a gidan nan ba. Duk kiran da ka ƙirga, bayi na tafi. Ina da ciwon kumburin hanji, shekara shida, ba ya warkewa, yana kwanciya yana tashi. Ina yi wa kaina allura, wani lokaci a kwantar da ni asibiti. Namanka Yaya ce ke cinyewa. Matar nan da ka gani ko kofi ba ta bari in ɗauka. Sauran bayani idan na fito, in kana nan."

Ban tsaya ganin fuskarsa ba. Ɗakin Mama ya yi min nisa, don haka na faɗa bayin baƙi, wanda bango ɗaya ne tsakaninsa da falo. Wata biyu ina guje wa bayin nan saboda shi, yau ga ni ciki, na buɗe famfo don ya rufa min asiri, asirin da na riga na tona da bakina.

Da abin ya lafa na rufe famfon. Ina zaune, goshina a kan gwiwa, hoda duk ta bi gumi. Na kasa kunne ko zan ji ƙarar ƙofar waje. Sai na ji muryar Mama, ba irin ta ɗazu ba, wannan ta ainihin ce.

"Ka ji dai da kunnenka. Ni na hana ta faɗa, ita tun ranar farko ta so ta gaya maka. Sau biyar ina kwana da ita a asibiti. Akwai ranar da na ɗauke ta da hannuna kamar jaririya, tana da shekara ashirin da biyu. Kuma gobe ta tashi ta yi kwalliya ta tafi aiki tana tsokanar mutane. An taɓa zuwa an ji an gudu, na ga abin da ya yi mata. Don haka idan tafiya za ka yi, ga ƙofa nan, ka tashi yanzu kafin ta fito. Ba zan riƙe ka da komai ba. Amma kada ka zauna ka yi mata murmushi yau, jibi ka aiko yayarka."

Na ji ya yi gyaran murya. Ya fara, "Mama, ni dai..."

Ni kuma, saboda hannuna ya saba shekara shida, na danna ruwa.

Wanda bai san tankin bayin baƙinmu ba ba zai gane ba. Idan ya fara cika, ko ihu ake a falo ba ka ji. Minti ɗaya cur yana gurnani, ni ina tsaye na manna kunne a bango ina roƙonsa ya yi shiru, ina zagin kaina da duk zagin da na iya. Amsar da na shekara biyu ina tsoron ji, ga ta ana bayarwa taku uku daga inda nake, na sa mata ruwa.

Tankin ya yi shiru. Falon ma shiru.

Na wanke hannu sau biyu. Na goge abin da ya saura na hodar, na dubi fuskata a madubi, fuskar da ba kwalliya, da baƙin ƙarƙashin ido da komai. Na ce to, ko ma mene ne, yau dai ba wanda ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Na zare sakata.

A bakin ƙofar falo takalmansa na nan, baƙaƙe, a jere, inda ya cire su. Yaya na tsaye jikin bango, ta toshe baki da mayafi, idonta ya yi ja. Ta kama hannuna ta matse, ta nuna min labule da haɓa. Na matsa na tsaya.

"Ranar da ciwon ya tashi sosai," na ji yana cewa, "me ake fara yi mata?"

Na ji Mama ta ja hanci, ta sake ja. Sannan ta fara, muryarta na karyewa: a kira likitanta tukuna, lambar na manne a jikin firij, a ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, a sa mata ruwan ɗumi a gora ta ɗora a ciki, kada a yi ta tambayarta ya jiki don haushi take ji, kuma ko ta ce ta warke ƙarya take...

"Dakata, Mama," ya ce. "A hankali. Bari in rubuta."